Buhu Uku a Bayan Shuɗiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kun wuni lafiya. Kafin in ɗora, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto min wai ƙarya nake shararawa, babu budurwar da ta tuƙa mota a Ƙaraye a shekarar 1991. Hajiya, ban san shekarunki ba, amma ina kyautata zaton lokacin ko goyonki ba a fara ba. Ki je tashar Ƙaraye ki nemi duk tsohon direban da haƙoransa suka fara zubewa, ki ce masa Laure 'yar Muntaka bakanike. In bai ajiye kofin shayinsa ya ba ki labari ba, ki dawo ki ƙaryata ni a gaban kowa.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, mu huɗu Allah ya ba Babanmu, duk mata, ni ce auta. Innarmu ta rasu ina ƙarama, yayar Baba, Goggo Hajo, ita ta riƙe ni. Tun ina da shekara goma nake miƙa wa Baba sifana a gareji, ina da sha biyar ya fara ba ni sitiyari a hanyar rugagen Kwanyawa inda babu mai gani sai shanu. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai tuƙin ya dawo hannuna gaba ɗaya. Ni ke kai shi kasuwa, ni ke kai shi asibiti, yana zaune a gefe yana sauraren inji. Mutanen gari suka yi surutu har suka gaji suka bari.

Motar kuwa Shuɗiya ake kiranta, akori-kura ce Fijo mai giya a jikin sitiyari. Gawa Baba ya saye ta a hannun wani ɗan kwangila, ya shekara biyu yana tada ta. Ya cire injinta ya dasa mata na babbar Fijo, ya sa mata kafireto biyu, ya rage mata tsayi, ya nemo faffaɗan tayoyi daga Kano. Salansarta da hannunsa ya lanƙwasa. In ta taso daga kwanar kasuwa, matan unguwarmu sukan ce a ɗora ruwan tuwo, Malam Muntaka ya dawo. Ranakun aiki hatsi take ɗauka da ƙoren nono kamar kowace akori-kura. Rana ɗaya ce a shekara take nuna ko ita wace ce, wato washegarin ƙaramar Sallah.

Akwai wani fili kusa da Yammedi da masu aikin hanya suka share suka zuba burji, suka tafi suka bari. Nan direbobin Ƙaraye da Rogo suke haɗuwa gwada tuƙi. Ba a jera motoci a sake su tare, ɗaya bayan ɗaya ake shiga, agogo ne alƙali. Za ka saƙa tsakanin durom goma sha biyu, ka zagaya wata ƙatuwar kuka, ka shiga wani ɗan lungun durom huɗu da ribas, sannan ka taso ka tsaya tayar gaba a kan layin toka. Duk durom ɗin da ka taɓa, a ƙara maka daƙiƙa biyar. Kowace mota sau biyu take shiga, wanda ya ci a ba shi rago. Shekara shida a jere, Baba na riƙe da sitiyari, ragon nan a gidanmu ake soya shi.

To, sai ga Lurwanu.

Direban Fijo mai ɗaukar fasinja ne, Rogo zuwa Kano. Dogo, baƙi, mai wushirya, hularsa kullum a karkace. A hanya muka haɗu, motarsa ta mutu ya buɗe bonet yana ta zufa, na tsaya na leƙa na ce masa wayar fulogi ce ta fita. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya yi dariya har da riƙe ciki. Bayan sati ɗaya ya yi sallama a zaurenmu. Ina son sa, 'yan uwa, ba zan yi muku alkunya ba. In ya danna hon sau uku a bakin layinmu, ko tuwo nake tuƙawa sai muciya ta kusa suɓuce min.

Mahaifinsa Malam Mika'ilu babban malami ne a Rogo, mai tsangaya, irin wanda in ya yi gyaran murya unguwa take yin tsit. Da aka kawo kayan sa rana aka tsayar da biki bayan babbar Sallah, sai Lurwanu ya zo zance da la'asar yana ta murza makullin motarsa.

"Laure, kin san ni tuƙinki ba ya damuna. Shi ma ya jawo ni."

"Faɗi abin da ya kawo ka."

"Malam ne. Ya ce surukarsa ba za ta riƙa ratsa kasuwa da mota maza suna nuna ta da baki ba."

"Daga yaushe?"

"Daga yau, in kin yarda."

Na tashi na shiga ciki, na ciro makullin Shuɗiya daga bakin zanena na sa wa Baba a hannu. Ya jefa shi a aljihu. Goggo kuwa har da sa min albarka, ta ce yau ta san ta yi tarbiyya. Wata biyu cur ban taɓa sitiyari ba, in za a kai Baba asibiti sai a roƙi wani direba daga tasha. Nakan tsaya a tsakar gida in ji yadda yake gurza mata giya, in ji kamar haƙorina ake gurzawa.

Da azumi ya zo ƙarshe sai maganar filin Yammedi ta taso. Baba ba ya gani, ni na yi alkawari. Goggo ce ta kawo shawara.

"Ga surukinka direba, Muntaka. Ba shi mana. Rago dai gida zai shigo."

Baba ya yarda. Amma kun san surukuta irin ta da. Lurwanu ya zo ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa kansa a ƙasa. Baba ya kau da fuska ya ce, "Ga ta nan, Allah ya tsare." Shi kuma ya ce, "Amin, Allah ya ƙara girma." Iyakar abin da suka tattauna ke nan a kan motar da aka shekara biyu ana ginawa. Baba yana jin nauyin ya koya wa suruki aikinsa, suruki yana jin nauyin ya yi tambaya.

Ranar Sallah da yamma wani direba ya kawo min wasiƙar Lurwanu, a takardar littafin makaranta, an linke ta huɗu an fesa mata turare:

"Zuwa ga Laure. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, gobe ki zauna inda zan hango ki. Ragon bana naki ne, ki daka yaji. Naki har kullum, Lurwanu."

Na ɗauki biro zan ba shi amsa. Har na rubuta, "Ka kula da buhunan da ke baya," sai na tsaya. Na ce a raina, shekararsa takwas a kan hanya, zai ce yarinyar nan ta raina shi. Na yaga takardar na rubuta masa Allah ya ba da sa'a kawai.

Bari in yi muku bayanin buhunan nan, don a kansu komai ya tashi. Akori-kura ba kamar motar fasinja ba ce. Nauyinta duk a gaba yake, ƙarfinta kuma a tayoyin baya. In bayanta wayam ne ka taka totur a kan burji, tayoyin ba su da abin da zai danne su, sai gindinta ya kama rawa. Balle Shuɗiya da aka ba ta injin da ya fi jikinta. Shi ya sa duk shekara Baba yake ɗaure buhun dawa uku daidai kan tayoyin baya, in an gama a kai wa malaman Kafin Dafga sadaka. Duk mai akori-kura ya san wannan, ba a ma faɗa.

Washegari na tashi na sheƙa kwalliya. Atamfa mai ruwan ganye da ya sa min a kayan toshin Sallah, ɗinkin riga da zane, ɗaurin ɗankwali ya tashi sama, mayafi ruwan madara. Lallen ƙafata ya kama har ya yi baƙi, na zizara kwalli, na sa takalmi mai tsini wanda yayata ta aiko min daga Kano. Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Haka ake son 'ya mace, ba baƙin mai har gwiwar hannu ba." Lurwanu ya riga ya ɗauki Baba a Shuɗiya, ni da Goggo muka bi motar maƙwabta.

Fili ya cika maƙil, rana tana dukan tsakar ka. Maza sun kewaye ta ko'ina, wasu a kan motoci, mata kuma muna gefen gabas ƙarƙashin ɗorawa tare da masu fura da masu ƙosai. Na hango Baba a kan benci kusa da Sulle, shugaban direbobi, wanda agogo ke rataye a wuyansa. Can bayansu na hango Shuɗiya tana ƙyalli. Sai na ga abin da ya tsinka min gaba. Lurwanu ne da abokansa direbobin Rogo suke kwance igiya, suna sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya suna jinginawa a gindin bishiya. Suka ciro safaya taya ma suka ajiye. Su a motocinsu na fasinja haka suke yi, a rage nauyi mota ta yi gudu. Baba yana zaune taku goma daga wurin, bai ga komai ba.

Na miƙe zumbur. Goggo ta damƙo zanena.

"Ina za ki?"

"Goggo, ya sauke buhunan."

"To sai aka yi yaya? Budurwar da aka sa wa rana ta ratsa maza ɗari ta je ta tsaya gaban wanda za ta aura? Zauna kafin in saɓa miki."

Na zauna. Wallahi har yau ina jin haushin zaman nan.

Motoci bakwai suka gama shigarsu biyu-biyu kafin shi. Wanda ya fi kowa shi ne Hammawa, wani Bafulatani mai akori-kura daga Kwanyawa, minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da biyar, bai taɓa durom ko ɗaya ba. Sai Sulle ya ɗaga murya ya ce, "Shuɗiyar Malam Muntaka, a hannun Lurwanu na Rogo." Fili ya ɗauki tafi. Ya waigo wajen ɗorawa ya gyara hula, ni kuwa hannuna yana kan ƙirji.

Ya taso da ƙarfinsa. Durom na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku gindinta ya fara wutsil-wutsil, ya danna birki, abin da ba a yi, ta kwashe na huɗu da na biyar suka gangara suna ƙara. Ya daure ya isa kuka. Yana karya kwana ya taka totur, sai Shuɗiya ta juya gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito, inji ya mutu. Ya yi ta murza makulli kafin ta tashi. Da ya lallaɓa ya isa layin toka Sulle bai ma faɗi lokacin da ƙarfi ba, don dariya ta riga ta cika fili.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Kowa yana faɗuwa. Amma Lurwanu ya fito ya buga ƙofa, kunya ta rufe masa ido, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Motar nan ta gama yayi. Sifirin ya mutu, bayanta rawa yake yi. An dai cika ta da ƙara ne kawai."

Wani daga cikin taro ya ce, "Ta bi mai ita ke nan." Aka sake kwashewa da dariya.

Na dubi Baba. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Mutumin da ido ya tafi, gareji ya tafi, abin da ya rage masa a garin nan shi ne a ce babu mai haɗa inji kamarsa. Na ga ya karkata wajen Sulle yana magana, na san cewa yake yi a cire ta, ba sai ta yi na biyu ba.

Ban san lokacin da na fizge zanena daga hannun Goggo ba. Na ratsa filin nan a tsakiyar rana, takalmi mai tsini yana nutsewa a burji, maza suna darewa. Na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, an sauke buhunan."

"An sauke?"

"Duka ukun, har da safaya."

Ya yi ajiyar zuciya. "Allah sarki yaro. Laifina ne, ban faɗa masa ba."

Na tashi na nufi Lurwanu. Na rage murya, don har ga Allah so nake in rufa masa asiri.

"A mayar da buhunan ka sake shiga. Nauyi take so a baya. Za ka ga bambanci."

Ya dubi abokansa, ya dube ni. "Kaya a wajen tsere? Laure, kada ki ƙara min abin dariya. Motar nan ko wa ya hau ta haka za ta yi. Koma wajen mata."

"To ba ni makullin."

Ya matso, muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Kin yi alkawari."

"Na yi."

"In kika shiga motar nan, kafin magariba labari ya isa kunnen Malam. Kin san abin da zai biyo baya."

"Na sani."

"Ni kuma fa? A ce abin da na kasa, wadda zan aura ta yi?"

"Ka janye maganar da ka yi a kan motar Baba, a gaban waɗanda ka faɗa, in koma in zauna. Wallahi in koma."

Na jira shi, 'yan uwa. Ina kallon bakinsa ina roƙon Allah ya buɗe shi. Bai buɗe ba. Ya ajiye makullin a kan bonet ya ja da baya.

Sulle ya taso yana yarfa hannu. "Malam Muntaka, ba mu taɓa yin haka ba fa."

Baba ya ce, "Sau nawa mota take shiga, Sulle?"

"Sau biyu."

"Tawa sau nawa ta shiga?"

Kafin Sulle ya sami amsa sai Hammawa ya tako, mutumin da ragon yake hannunsa a lokacin. Ya ce, "A bar ta ta shiga. Ni na sha ganin ƙurar yarinyar nan a hanyar rugarmu. In na ci rago Shuɗiya ba ta yi gudunta ba, naman ba zai yi min daɗi ba." Da kansa ya saɓi buhu na farko. Na nuna masa inda za a ajiye, na ja igiya na ɗaure tamau yadda ba za su zame a kwana ba. Na karɓi tsinken ashana a hannun wani mai shayi na rage wa tayoyin baya iska kaɗan. Na cire takalman nan na miƙa wa Baba ya riƙe min, na naɗe mayafi a ƙugu, na shiga.

Kujerar ta yi baya, na jawo ta. Sitiyari ya yi zafi. Ina murza makulli ta amsa, na ji karkarwarta ta shigo min ta tafin ƙafa. Wata biyu rabona da ita, amma hannuna bai manta komai ba. Na yi bisimilla. Sulle ya saki hankici.

Ban fizge ta ba. Baba ya koya min cewa a burji lallashi ake yi, sai tayoyi sun kama ƙasa sannan a ba ta wuta. Na sa giya ta biyu na bar ta a nan. Idona ba ya kan durom ɗin da ke gabana, yana kan na gaba da shi. Hagu, dama, hagu, dama, ina jin buhunan suna danne mata baya, tana bin hannuna kamar ta san hanyar. Ban taɓa birki ba ko sau ɗaya, da totur nake mata magana. Na shida, na tara, na sha biyu, na fito ban ji ƙarar ƙarfe ba.

Kuka ta taso min. A nan ne zuciyata ta ɗan karaya, don na ga sawun inda ta juya da Lurwanu. Na ɗaga ƙafa kaɗan, na karya, gindinta ya zame daidai yadda nake so, na mayar da sitiyari na taka. Ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Na wuce lungun, na tsaya, na jefa ribas, hannu ɗaya a bayan kujera, na cusa ta tsakanin durom huɗun nan ko fenti ban goga ba. Giya ɗaya, giya biyu, layin toka yana tahowa. Na danna birki da ƙafata mai lalle, ta tsaya cak, toka ta tashi a ƙarƙashin tayar gaba.

Fili ya yi tsit, ina jin numfashina. Sai wata guɗa ta tsaga wurin daga ƙarƙashin ɗorawa, doguwa, mai kaɗa hanci. Ko a mafarki na san muryar nan. Goggo Hajo ce. An ce tana gamawa ta toshe baki da mayafi tana waige-waige, wai ba ita ba ce.

Sulle ya dubi agogo ya sake dubawa. "Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da tara."

Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta muku ba. Huluna a sama, masu dukan durom suna duka, Hammawa yana dariya yana cewa a kawo rago. Ni dai na fito ƙafa ba takalmi na nufi Baba. Mafi kyawun lokacin da ya taɓa yi a filin nan arba'in da takwas ne, kowa ya sani. Na durƙusa. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Kin ɗaga ƙafa a gindin kuka."

"Na ɗaga, Baba."

"Na ji. Daƙiƙar nan ɗaya can kika baro ta."

Yana faɗa hawaye yana bin gemunsa. Ya ce a kai shi wajen motar, ya ɗora tafinsa a kan bonet mai zafi ya daɗe bai ɗauke ba. Duk abin da na yi a rayuwata, 'yan uwa, da 'ya'yan da na haifa da Makkan da na je, in aka ce in zaɓi ranar da na fi jin ni 'yar ubana ce, wannan zan nuna.

Da na waiga neman Lurwanu, bayan motar abokansa kawai na hango ta hau titin Rogo da shi.

Kwana takwas babu hon a bakin layi, babu wasiƙa. Aka soya rago na kasa cin ko tsoka ɗaya. Ina shiga ɗaki in yi kukana in wanke fuska in fito, don ban yarda Baba ya ji a muryata ba. Nadama kuwa ban yi ba, kuma ban daina son sa ba, duka biyun suna cikina suna cin juna. Goggo ta haɗa kayan sa rana a akwati ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce gara mu shirya kafin a aiko karɓa. Da safe ta yi min faɗa ta ce na kashe aurena da ƙafata. Da yamma in maƙwabta sun shigo, ita ce har da tashi tsaye tana gwada musu yadda na yi ribas.

Ranar Alhamis da hantsi muka ji babur ya tsaya. Bappa Ilu ne, ƙanin Malam Mika'ilu. Baba ya fita zaure, ni da Goggo muka laɓe a bayan ƙofa, kowace tana ture 'yar uwarta. Aka yi gaisuwa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka tambayi shanu.

Can Bappa Ilu ya ce, "Malam ne ya aiko ni. Gobe Juma'a yana so ya zo Ƙaraye da kansa."

Baba ya ce, "Allah ya kawo shi lafiya. Kayan suna nan a haɗe, ba sai ya wahala ba."

"Bai yi zancen kaya ba. Cewa ya yi yarinyar ta je Rogo da shuɗiyar motar ta ɗauko shi. Ya ce shi ba ya yanke hukunci a kan abin da aka ba shi labari. Mutum goma sun zo masa da magana goma, ɗansa kuma ya ƙi cin abinci ya ƙi magana. Zai zauna a gaba ya gani da idonsa, in an sauka ya faɗi abin da ya yanke."

Bayan ya tafi Baba ya ce, "Fito, Laure, tun ɗazu nake jin ƙarar awarwaronki." Na fito na durƙusa.

Goggo ta riga ni magana. "Alhamdulillahi, ƙofa ta buɗe. Ki yi masa tafiyar amare, a hankali kamar kin ɗauko ƙwai. In ya yi magana ki ce kuskure ne, sharrin Shaiɗan ne, ba za ki ƙara ba."

"Goggo, ba zan ce kuskure ba ne."

"Ji min 'ya. Auren ne ba kya so?"

"Ina so. Amma in zai karɓe ni, ya karɓi wadda ta shiga filin Yammedi. In zai ƙi ni ma, ita zai ƙi."

Goggo ta riƙe haɓa ta dubi Baba. Shi kuwa aljihu ya laluba ya miƙo min makulli, ya ce in duba ruwa da baƙin mai tun yau.

Washegari rana ba ta yi zafi ba muka isa Rogo, Baba yana zaune a tsakiya da farar babbar riga, ni da doguwar riga da babban mayafi. Na tsaya a ƙofar gidan Malam na kashe inji. Ɗalibansa manya suna zaune a rumfa da littattafai, duk suka ɗago.

Sai ga shi ya fito daga zaure, ɗan gajeren tsoho mai farin gemu da sanda. Ya gaisa da Baba ta taga, gaisuwa mai tsawo. Ni ko kallona bai yi ba. Ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa taya da sanda, ya leƙa baya ya ga wayam, sai tayar safaya kawai. Sannan ya waiga zaure ya ce, "Fito mana."

Lurwanu ne ya fito. Ya rame, hular nan a miƙe take yau, idonsa a ƙasa. Ya nufi ƙofar gaba zai buɗe wa mahaifinsa, Malam ya tare shi da sanda.

"Ni na iya buɗe ƙofa. Kai hau baya, an ce nauyi take so."

Ina kallo ta madubi ya kama ƙarfe ya hau, ya zauna a kan tayar safaya da shaddarsa mai guga. Malam ya shigo ya gyara riga, ya jingina sanda tsakanin gwiwoyinsa, ya ja ƙofa ya rufe. Sai a lokacin ya juyo ya dube ni.

"Bisimilla, 'yata. Yadda kika yi a Yammedi nake so in gani."